Mu ma muna da gwamna: me ya raba mu da tarayya, kuma ina amfanin kundin tsarin mulki?

"Malam, ina wuni. Ni ɗaliba ce a ajin tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, a nan Damagaram. A darasin ilimin zama ɗan ƙasa an ce mana Najeriya tarayya ce, Nijar kuma ƙasa ce dunƙulalliya. Amma ai mu ma muna da jihohi da gwamnoni kamar su, to ina bambancin yake? Na biyu, an ce kundin tsarin mulki shi ne uwar dokoki, amma da na ƙirga sai na ga mun yi jamhuriya 7, kuma 5 daga ciki sojoji ne suka rufe su. Daga ina abin nan ya samo asali? In ana iya naɗe shi dare ɗaya a ajiye, mene ne amfaninsa?"

Lafiya lau, ƴata, Allah ya ba da sa'ar bak, jarrabawar gama sakandare. Na daɗe ina koyar da tarihi da ilimin zama ɗan ƙasa a makarantun jihar nan, kuma kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya yi tambayarki ta biyu, yawanci da ɓacin rai a muryarsa. Ina son tambayar, don wanda ya yi ta ya wuce hadda ya fara tunani. A baki tambayoyinki biyu ne, amma saiwarsu ɗaya: idan mutum ya riƙe bindiga da baitulmali da hatimin ƙasa, wa zai ce masa "tsaya nan", kuma ya tsaya? Da ta biyun zan fara, don sai ta zauna miki sannan ta farkon za ta fito.

Linzami a bakin doki

Iko kamar doki yake. Ƙasa ba ta tafiya sai da shi: dole a samu mai karɓar haraji, mai kama ɓarawo, mai tsaron iyaka. Amma ingarman da ya fi kowane ƙarfi a hawan salla, ranar da ya yi tutsu shi ne zai tattake ƴan kallo. Kundin tsarin mulki linzami ne. Sai dai ki lura, linzamin da ke rataye a ƙusa cikin zaure shi ma sunansa linzami, alhali ba ya juya doki. Shi ya sa ake raba abu biyu: ƙasa ta mallaki kundi, da ƙasa ta yi mulki bisa kundi. Kundinmu na 8 ga Nuwamba 1960 yana da majalisa da kotuna da zaɓe a rubuce, amma tun 1959 aka haramta jam'iyyar adawa ta Sawaba, jam'iyyar PPN-RDA kaɗai ke tsayar da ƴan takara har ranar da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974. Ingila kuwa har yau ba ta tattara nata a littafi guda ba, kuma firaministanta yakan bar kujera in majalisa ta juya masa baya.

Ana gane linzami yana baki in doka tana hawa kan mai mulki yadda take hawa kan mai tallan goro. Wanda ya rubuta doka ba shi ke zartar da ita ba, kuma in an yi gardama a kanta wani na uku ne zai raba. Akwai abubuwan da ko ƴan majalisa duk sun ɗaga hannu ba su da izinin taɓawa: ran mutum, addininsa, faɗin albarkacin bakinsa, da kada a kulle shi babu shari'a. Mulki yana da wa'adi. Kundin kansa kuma ya fi sauran dokoki wuyar canzawa, don kada wanda aka ɗaure ya miƙa hannu ya kwance kansa.

Inda aka faro

Yawancin littattafai daga Ingila suke farawa. A 1215 manyan hakiman ƙasar suka gaji da Sarki John, wanda ya yi ta ɗora musu haraji don yaƙe-yaƙen da yake shan kashi a Faransa. Suka tilasta masa zama da su a wani fili da ake kira Runnymede, ya buga hatimi a takardar da aka sani da Magna Carta. A cikinta ya yarda ba za a kama ɗa, wato wanda ba bawa ba, a kulle shi ko a ƙwace dukiyarsa ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa. Kada ki ɗauka tausayin talaka ne ya motsa hakiman, kansu suke karewa, kuma ba a cika wata 3 ba Paparoma ya soke takardar bisa roƙon sarkin. Amma magana zarar bunu ce. An riga an ga sarki ya sa hannu cewa akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Sai da aka yi ƙarni 4 ana ja-in-ja, har aka fille kan wani sarki a 1649, kafin a 1689 majalisa ta kafa ƙa'idar cewa sarki ba zai aza haraji, ko ya dakatar da doka, ko ya ajiye rundunar soja lokacin zaman lafiya ba sai da yardarta. Ki duba da kyau, kusan ko'ina kuɗin haraji ne ya haifi wannan rigima: wanda ake tatsa ya ce sai an tambaye shi.

A 1748 wani tsohon alƙali Bafaranshe, Montesquieu, ya fitar da hujjar a fili. Ya ce duk wanda ya samu iko yakan yi ta gaba da shi har sai ya ci karo da shinge, don haka a tsara abubuwa yadda iko zai tare iko. Daga nan rabon iko gida uku ya shiga makarantu. Da juyin juya halin Faransa ya zo, sanarwar haƙƙoƙin ɗan Adam ta 1789 ta faɗi maganar da nake sa ɗalibaina su rubuta a shafin farko: aya ta 16 ta ce al'ummar da ba a tabbatar da haƙƙoƙi a cikinta ba, ba a kuma raba iko ba, ba ta da tsarin mulki sam.

Ban yarda da malamin da zai ce wa yara Turawa ne suka fara koya mana cewa sarki yana da iyaka ba. Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, ya gaya wa mutane su yi masa biyayya matuƙar yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa kuwa babu biyayyarsa a kansu. Shaihu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wajiban sarauta tun ƙarni na 15. A sarautar Katsina, har da reshenta da ya zauna Maraɗi, Kaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi ne ke zaɓen sarki, kuma sarki mai hankali ba ya yanke babbar magana a bayan idonsu. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ya jera wa sarakunan zamaninsa akwai karɓar kuɗin da shari'a ba ta aza ba. Duk wannan namu ne. Amma gaskiya ɗaya ce: babu wa'adi, talaka ba shi da ƙuri'a, kuma in sarki ya ƙi jin fadawa da malamai, abin da ya rage shi ne yaƙi, ko mutum ya ɗaure kayansa ya yi ƙaura. Abin da kundin zamani ya ƙara shi ne hanyar sauke mai mulki ba tare da an zubar da jini ba.

Abin da na gani a 2009

Kin ce in ana iya naɗe shi dare ɗaya ina amfaninsa. Ba zan ba ki amsa daga littafi ba. Kundin 1999 ya ce shugaban ƙasa wa'adi biyu zai yi na shekara 5, ya kuma sa wannan ayar cikin waɗanda ba a taɓawa. A ƙarshen 2008, a nan jiharmu, wajen bikin aza tubalin matatar mai, kiran tazarce ya fito fili. Masu kiran ba mahaukata ba ne: suna ganin matata, da madatsar Kandaji, da gada ta biyu a Yamai, suna cewa a bar Shugaba Tandja Mamadou ya ƙarasa. Mutane da yawa da nake girmamawa suna wannan ra'ayi.

Ranar Juma'a 12 ga Yuni 2009 muna zaune kan tabarma a ƙofar gidan wani abokina a unguwar Birni, shayi yana kan gawayi, ƙaramar rediyo a tsakiyarmu, sai aka ce kotun tsarin mulki ta soke dokar da ta kira zaɓen raba gardama kan sabon kundin da zai ba Tandja damar zarcewa. Wani dattijo tela da ke zama da mu ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, su nawa ne?" Na ce su 7, kuma mace ce shugabarsu, Salifou Fatimata Bazeye. Ya ce, "Suna da soja?" Na ce ko ɗan sanda ɗaya ba su da shi. Ya yi shiru, can ya ce, "To ashe takardar nan tana da baki." Har gobe ban samu bayanin da ya fi nasa ba.

Kin san abin da ya biyo baya. An riga an rusa majalisa tun watan Mayu, ƙarshen Yuni aka rusa kotun, 4 ga Agusta aka yi zaɓen raba gardamar, 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka shiga fada. Wani zai ce ga shi nan, kundi bai hana komai ba. Ni abin da na gani daban ne. Kafin a wuce sai da aka ɓalle ƙofa bayan ƙofa da rana tsaka, kowa yana kallo, har tela a Birni ya san daidai inda aka tsallake. Da babu kundin, babu wanda zai iya nuna wurin. Waɗanda suka rubuta kundin 25 ga Nuwamba 2010 sun ɗauki darasi: aya ta 47 ta ce ko ta halin ƙaƙa ba mai yin fiye da wa'adi biyu ko ya tsawaita wa'adi, aya ta 175 ta kulle ta. A 2021 Issoufou Mahamadou ya sauka, karo na farko a tarihinmu da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe.

Wani lokaci kuma rubutun kansa ne ke da rauni. Kundin 1992, wanda babban taron ƙasa na 1991 ya share wa hanya a ƙarƙashin André Salifou, ɗan garin nan, bai fayyace sosai yadda za a yi ba in shugaban ƙasa da rinjayen majalisa suka fito daga ɓangare daban. A 1995 aka faɗa cikin ramin: Mahamane Ousmane a fada, Hama Amadou firaminista, zaman ƴan marina, har taron ministoci ya gagara. Janairun 1996 Baré Maïnassara ya yi juyin mulki. Rubuta kundi sana'a ce, kamar gini, in an bar tsaga ruwa zai same ta.

Gandu, gayauna da gayya

Yanzu ga tambayarki ta farko. A aji da gona nake bayanin ta. Mai gida yana da gandu, ƴaƴansa suna noma tare da shi. Sai ya yanka wa kowane ɗa gayauna ya ce ka noma abin da kake so, amfanin naka ne. Ɗan yana da ƴanci na gaske, amma gonar ta uba ce, shi ya bayar, kuma in ya ga dama baɗi ya rage ta ko ya karɓe. Wannan ita ce ƙasa dunƙulalliya da ta sakar wa yankuna mara, abin da littafinku na Faransanci ke kira décentralisation.

Ga wani gidan kuma: an raba gado, kowane ɗan'uwa ya san iyakar gonarsa, amma suka je gaban alƙali suka rubuta cewa rijiya ɗaya za su sha, rumbun tsimi ɗaya za su yi, babban wa ne zai riƙa yi musu magana a fada. Babban wa ba ya iya karɓe gonar ƙane, ƙane ba ya iya toshe rijiya, kuma ba a canza takardar sai yawancinsu sun yarda. Wannan ita ce tarayya. Kalmar da Turawa ke kiran ta da ita ma daga kalmar Latin take mai nufin alkawari. Na uku maƙwabta ne da suka yi gayya: yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, kowa da gidansa da rumbunsa, wanda ya gaji ya ɗauki hauyarsa ya tafi. Wannan shi ne ƙawancen ƙasashe, irin wanda Nijar da Mali da Burkina Faso suka rattaba wa hannu a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024: kowace tana da shugabanta da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Senegal da Gambiya sun taɓa yin irinsa a 1982, suka rabu a 1989.

Don haka sunan "gwamna" kada ya ruɗe ki. Gwamnan Damagaram wakilin gwamnatin tsakiya ne: daga Yamai ake naɗa shi, daga Yamai ake ɗauke shi. Ki ɗauki hanyar Matamai ki tsallaka zuwa Daura, kin shiga jihar da mutanenta suka zaɓi gwamnansu na shekara 4, tana da majalisar dokokinta, da babbar kotunta, da kasafin kuɗinta. Abuja ba ta iya shafe jihar Katsina da sa hannun mutum ɗaya, kuma ba a gyara kundin Najeriya sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Tambayar da za ki riƙa yi ita ce: ikon nan na yanki, wa ya ba shi, kuma wa zai iya karɓe shi shi kaɗai?

Ɗalibai sukan ce to ai Damagaram da Barno tarayya suka yi. A'a. Sarakunanmu sun kai gaisuwa Kukawa, Shehun Barno yana da baki a naɗinsu, amma babu rubutaccen rabon iko, babu alƙalin da zai raba su. Ƙarfi ne ke auna dangantakar, shi ya sa a zamanin Sarki Tanimu, da ganuwa ta tashi aka ƙera igwa, igiyar ta yi sako-sako.

Amurka da maƙwabciyarmu

Tarayyar zamani a Amurka aka ƙera ta, kuma wuya ce ta koya musu. Yankuna 13 da suka ƙwaci kansu daga Ingila gayya suka fara yi a 1781. Majalisarsu ta tsakiya ba ta da ikon aza haraji, sai dai ta roƙi jihohi, jihohi kuma su yi kunnen uwar shegu, har biyan sojojin da suka yi yaƙin ƴanci ya gagara. A 1787 wakilai suka taru a Filadelfiya suka fito da sabon abu: gwamnati biyu a kan ƙasa ɗaya, kowace tana isa ga ɗan ƙasa kai tsaye, kowace da hurumin da kundi ya yanka mata. Manyan jihohi suka ce a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙanana suka ce a yi daidai wa daida, sai aka yi majalisa biyu, ɗaya bisa yawan jama'a, ɗaya kowace jiha kujera 2. A 1791 aka ƙara cewa duk ikon da ba a ba tsakiya ba yana hannun jihohi ko jama'a, a 1803 kuma kotun ƙoli ta kafa cewa tana iya ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa kundi. Ina gaya wa ɗalibai ɗaya gefen ma: wannan yarjejeniya ta bar bauta a jihohin kudu, har ana ƙirga bawa a matsayin kashi 3 cikin 5 na mutum wajen rabon kujeru, sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Ikon jiha yana iya zama garkuwar mai rauni, yana kuma iya zama mafakar azzalumi.

Amurka da Suwizalan ta 1848 rarrabe suke suka haɗu. Najeriya akasin haka ce: Ingila ta haɗe Arewa da Kudu a 1914, sannan a 1954 aka raba iko tsakanin Legas da yankuna 3 don kada ƙasar ta tsage, kowane yanki yana tsoron ɗan'uwansa ya danne shi. Da Janar Ironsi ya soke tarayyar a Mayun 1966, Arewa ta tashi da kiran a raba, aka zubar da jini, Gowon ya maido da ita, ya yanka jihohi 12 a 1967. Daga nan sai 19, 21, 30, har 36 a 1996. Jigawa da Yobe da muke iyaka da su a 1991 aka haife su.

Tarayyar ce ta sa Zamfara ta iya faɗaɗa shari'ar Musulunci a 1999 wasu jihohin Arewa suka bi, alhali Legas ba ta yi ba. Amma ki tambayi ƴan Najeriya, su da kansu suna kukan cewa tasu ta yi nauyi a sama. Ƴan sanda na tarayya ne. Man fetur na tarayya ne, jihohin da ake haƙo shi suna samun kashi 13 cikin 100. Duk wata sai an zauna Abuja a raba kuɗi, kuma jihohi da yawa ba za su iya biyan albashi ba in rabon bai zo ba. Mai gonar da kullum daga rumbun wansa ake auno masa hatsi, gonarsa ta kusa komawa gayauna.

Me ya sa mu ba mu bi wannan hanya ba

Gado ne. Faransa tun 1792 ta kira kanta jamhuriya ɗaya da ba ta rabuwa, kuma prefen da muke faɗa, wato wakilin gwamnatin tsakiya a yanki, Napoleon ne ya ƙirƙiro muƙaminsa a 1800 don idon Paris ya kai kowane lungu. Wannan kalma ta "ɗaya da ba ta rabuwa" ita ce a aya ta 3 ta kundinmu na 2010. Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne mun taɓa zama cikin wata babbar haɗaka, ta yankuna 8 na Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Faransa, mai hedikwata a Dakar. Dokar 1956 ta mayar da iko ga kowane yanki shi kaɗai. Senghor na Senegal da Djibo Bakary na Nijar suna son a riƙe haɗakar, Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya ƙi, don Kodebuwa ce mai arziki kuma ba ya son ta zama saniyar tatsa. Tarayyar Mali da Senegal da Sudan ta Faransa (Mali ta yau) suka gwada a 1959 ba ta wuce Agustan 1960 ba. Shugabannin farko suka gaji ƙasa mai faɗi, hanyoyi kaɗan, ma'aikata kaɗan, da tsoron ɓallewa, sai suka tattara komai a babban birni. Mu a nan mun san zafin wannan tun 1926 da aka ɗauke babban birnin daga nan Zinder aka kai Yamai.

Maganar tarayya ta dawo da ƙarfi a tawayen arewa na shekarun 1990, inda ƴan tawaye suka nemi yankuna su mallaki al'amuransu. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ba ta ba da tarayya ba, ta ɗauki hanyar sakar wa yankuna mara. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, a 2011 aka zaɓi majalisun jihohi, birnin nan aka raba shi gundumomi 5, doka kuma ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur ga hukumomin yankin da ake haƙowa. A 2024 aka rusa waɗannan majalisun aka naɗa masu riƙo. Ko me mutum yake gani game da dalilin, darasin aji a fili yake: gayauna ce, mai gandu ya karɓa.

In kin tambayi ra'ayina, ba na ganin tarayya maganin kowace cuta ce. Tana da tsada: kowace jiha da majalisa da kotuna da ma'aikatu. Arzikin jihohinmu kuma bai zo ɗaya ba, uraniyom a Agadas, mai a Diffa, tarin jama'a a Damagaram da Maraɗi, don haka ko an yi ta rigimar rabo za a koma. Amma koken da ke sa mutane ambaton ta na gaske ne, na kuma ɗanɗana. Na taɓa shiga mota tun kafin asuba, kusan kilomita 900, don sa hannu ɗaya a takardar ƙarin girmana, na kwana 4 a Yamai ina safa da marwa a wani ofishi, ajina yana zaune babu malami. Abin da nake fata shi ne ikon da aka ba yankuna ya zo da kuɗinsa, a kuma rubuta shi inda hannu ɗaya ba zai iya goge shi ba. Ni malamin aji ne, fassarar ayar doka aikin alƙalai ne, zaɓen tsarin da ƙasa za ta bi kuma na ƴan ƙasa ne gaba ɗaya, har da ke. Misalin gona ma yana da iyaka: a gida uba ne ya mallaki gandu, a jamhuriya kuwa jama'a ne masu gona, gwamnati amana aka ba ta.

Ga jarrabawa, ki kula da zamani. An dakatar da kundin 2010 tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma takardar da ke matsayin babbar doka yanzu ita ce ta sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, wadda ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. In kin kawo aya, ki faɗi kundin da kika ɗauko ta da shekararsa. In aka ba ki wata ƙasa aka ce tarayya ce ko a'a, kada ki tsaya kan sunayen muƙamai: ki nemi wanda ke naɗa shugaban yanki, inda kuɗin yankin ke fitowa, da wanda ke raba gardama tsakaninsa da tsakiya. Kafin nan, in kakanki yana raye, ki zauna da shi bayan la'asar ki tambaye shi yadda aka raba gonar gidanku, wa ya yanka iyaka, wa ya shaida, kuma a hannun wa mabuɗin rumbu yake. Ki rubuto mini abin da ya ce.